Ɗan Mahauci da Huhun Kifin Teku

Ranar da na fara ganin teku, zama na yi a kan yashi da jakata a cinya. Ni mutumin wani ƙauye ne a gefen Kunci, inda in kana noma a gonarka kana jin tarin maƙwabcinka a tasa. Ruwan da na sani shi ne na rijiya da na kududdufi. Ga shi an kawo ni wani gari a kudancin Indiya, bakin ruwan da ba a hango tsallakensa, wai in yi digiri na biyu a kan kifi.

Mahaifina mahauci ne, haka kakana. Da na faɗa masa abin da zan karanta, sai da ya ajiye wuƙa ya dube ni. "Kifi, Habu? Duk shanun da ke kasuwar Kunci ba su ishe ka ba?" Abokansa na rumfa kuwa suka samu abin yi, in na wuce sai su ce ga Sarkin Ruwa nan.

Ba kallon ruwa ya zaunar da ni a yashin ba, rashin wurin kwana ne. Wani mutum mai farar riga ya tare ni a tashar jirgin ƙasa, yana ta "ɗan'uwana ɗan Afirka", ya ce yana da ɗakin haya kusa da jami'a. Ya kai ni, ya nuna mini ɗakin ta taga, na biya shi, ya ba ni mukulli ya ce zai je ya kawo katifa. Mukullin ya ƙi shiga kwaɗon. Ina cikin kokawa da shi wata tsohuwa ta fito da tsintsiya tana ihu, ashe ɗakin ajiyar kwakwarta ne. Ni da nake ganin na yi wayo tun da na yi sakandare a Dawakin Tofa, na yi jami'a a birni, ga ni an yi mini sakiyar da ba ruwa tun ban sha ruwan garin ba.

Kiran sallar La'asar ne ya tashe ni. Na bi sautin har wani ƙaramin masallaci mai rufin jan tayil a unguwar masunta. Bayan an sallame, wani dattijo baƙi, siriri, mai zani ɗaure a ƙugu ya tsaya yana kallon jakata. Na yi masa sallama, ya amsa. Iyakar yaren da muka haɗa ke nan. Ya nuna ƙirjinsa ya ce "Moidu", na nuna nawa na ce "Habu". Bai tambaye ni komai ba, ya ɗauki jakar ya ɗora a ka ya yi gaba, ni kuma na bi shi kamar rago. Wani ɗan ɗaki ya ba ni a bayan gidansa inda yake ajiye ragar kamun kifi. A nan na zauna har na bar ƙasar, kuma tun daga ranar Baba Moidu nake ce masa.

Abincinsu sai da na yi yaƙi da shi. Komai da kwakwa: miya da kwakwa, shinkafa da kwakwa, man shafawa ma kwakwa. Akwai ranar da na tuna tuwon dawa da miyar kuka ta Inna, na ajiye cokali na fita waje don kada a ga idona. Matar Baba Moidu ta lura. Washegari ta dama mini wani abu da garin shinkafa, ta tuƙa shi da ƙarfi yadda na kwatanta mata da hannu. Wallahi bai yi kama da tuwo ba ko kaɗan, amma na cinye tas, na kuma yi mata godiya har ƙasa.

Malamar da aka haɗa ni da ita farfesa ce, amma kowa Ticha yake ce mata, har masu shara. Gajeriya ce mai furfura, tana ɗingishi saboda ciwon gwiwa, ba ta dariya sai da dalili. Ranar farko ba ta tambayi takarduna ba. Wani jan kifi ta ajiye a gabana, irin wanda ke zama kusa da gaɓa, ta ɗaga murfin da ke gefen kansa, wanda mu muke ce wa kunne. "Ciro mini abin da ke ciki."

Jan naman nan ne mai kama da matsefi, wanda kifi ke numfashi da shi. Ni dai huhun kifi nake ce masa, ko da yake ba huhu ba ne irin na akuya. Na karɓi almakashi da 'yar wuƙa, kafin ta gyara gilashin idonta na zare shi ɗungurungum, ko gezarsa ɗaya ban karya ba.

"Wa ya koya maka riƙe wuƙa?"

"Babana, Ticha. Mahauci ne."

"To ka gaishe shi. Ɗalibaina na nan sai su yi wata suna yayyaga mini nama."

Kaina ya yi girma, ba zan ɓoye ba. Sai ta jawo ni gaban madubin ƙara girman abu, ta sa wani ɗan gilashi mai ɗauke da siririn yankin huhun kifi, wanda ta haɗa da hannunta tun tana budurwa, ta ce in leƙa.

Allah mai iko! Ni da na tashi cikin kayan ciki, na san tumbi, na san hanta, na san huhu ciki da waje, ban taɓa ganin aiki mai kyau irin wannan ba. Kowane haƙorin matsefin nan ashe reshe ne, kuma a jikin kowane reshe ga wasu 'yan ganyayyaki jere hagu da dama, sahu-sahu, babu wanda ya taɓa ɗan'uwansa. Kowane ganye bango biyu ne sirara, da wasu 'yan ginshiƙai a tsakani da suka tokare su don kada su manne. Ta tsakanin ginshiƙan ƙwayoyin jini ke bi ɗaya bayan ɗaya. Ticha tana tsaye a kaina tana bayani. Ta ce ruwa yana shiga ta bakin kifi ya wuce ta tsakanin ganyayyakin ya nufi baya, jini kuma a ciki ya nufi gaba, suna saɓani. Saboda saɓanin nan, duk inda jini ya kai sai ya tarar da ruwan da ya fi shi iska, ya ci gaba da tsotsa har ƙarshen ganyen. A gindin ganyayyakin kuma ta nuna mini wasu ƙwayoyi manya, masu kumburi. Ta ce kifin teku dole ya riƙa shan ruwan gishiri don kada jikinsa ya bushe, to waɗannan su ne ke kwashe gishirin daga jini suna turo shi waje, ba hutu, har ranar da kifin zai mutu.

Na ɗago kai na ce, "Subhanallahi."

Ta ce, "Mu ma haka muke cewa, da namu bakin. Aikinka ke nan. Ka kawo mini irin wannan daga kifin gaɓar nan, in ga kowace ƙwaya a wurinta."

Aikin ba wuya a faɗe. Ka samu kifi da ransa, ka ciro huhun nan take, ka jefa shi a kwalbar ruwan maganin da ke hana nama lalacewa. A ɗakin gwaji a tsane shi, a dafe shi cikin kaki, a sa inji ya yanka shi ya fi ɓawon albasa sirantaka, a rina shi, a ɗora a gilashi. Daga kifi zuwa madubi kusan mako ake yi. Kifi mai rai kuwa ba matsala, Baba Moidu yana kawo mini shi a bokiti kowace safiya in kwale-kwalensa ya dawo.

Na farko da na yi, da na leƙa sai gabana ya faɗi. Ganyayyakin suna nan, amma fatarsu ta ɗaye ta yi jirwaye, manyan ƙwayoyin nan na gishiri duk sun fashe. Ticha ta duba ta ce hannun farko ne, in sake. Na sake, haka. Ta canza mini ruwan magani. Haka. Ta sa aka wasa wuƙar inji, ta tsaya a kaina ina narka kaki, ta auna zafinsa da kanta. Haka dai. Ɗaliban da suka fi ni yayyaga nama suna fitar da gilasai masu kyau, ni mai hannun mahauta ina fitar da dagwalo.

Ana cikin haka abubuwa suka taɓarɓare a gida. Shekarun nan ne da Naira ta faɗi warwas, masu ɗaukar nauyin karatunmu suka yi shiru, waya ma ba sa ɗauka. 'Yan ƙasarmu da ke wasu garuruwan suka fara haɗa kaya suna komawa hannu rabbana. In na kira gida, Baba ba ya faɗa mini komai sai alheri, amma ƙanwata ta tsegunta mini cewa yanzu akuya ɗaya suke yankawa su uku a rumfa, ita ma sai ta kai yamma ba ta ƙare ba. Duk da haka kullum ƙarshen maganarsa ɗaya ce: "Ka tsaya ka gama abin da ya kai ka."

Izinin zamana zai ƙare a farkon daminarsu, kuma ba za a sabunta ba sai Ticha ta shaida cewa aikina yana tafiya. Ita kuwa ba mai shaidar zur ba ce. Ga shi in daminarsu ta sauka, teku hauka take yi, masunta su ja kwale-kwale sama, ba mai shiga sai bayan watanni. Wato in ban fitar da gilashi mai kyau kafin ruwa ya sauko ba, sai Kunci, ba digiri, ba kifi, in je in tsaya a gaban rumfar mahauta su tambayi Sarkin Ruwa abin da ya kamo.

Wata rana Ticha ta duba sabon gilashina, ta cire na idonta ta ajiye. "Habu, faɗa mini gaskiya. Mataccen kifi kake saya a kasuwa don kada ka yi sammako?"

Raina ya ɓaci, na miƙe tsaye. Ina da zuciya, gadonta na yi. "Haba Ticha! Ni? A gidanmu ko da yunwa za ta kashe mu ba a taɓa mushe. Kifin nan yana wutsil-wutsil a hannuna nake yanka shi. In kin gaji da ni ki ce kin gaji, amma kada ki ce mini maƙaryaci."

Sauran ɗalibai suka sunkuyar da kai. A raina na ce shi ke nan, na kori kaina. Ita kuwa ta dube ni ta ce, "To. Gobe da safe zan zo bakin ruwa in ga wannan wutsil-wutsil ɗin da idona."

Ta zo kuwa. Matar da hawa bene ke gagara, ga ta tana taka yashi da sanda, zaninta ya jiƙe har gwiwa. Masunta suka yi cirko-cirko, Baba Moidu ya kifa mata kwando ta zauna. Na ciro kifi daga bokiti, ta ga yana motsi, ta gyaɗa kai. Na zare huhun cikin ƙiftawar ido, ta sake gyaɗa kai. Sai na jawo gorar da nake cikowa kullum a famfon masallaci, na kwarara wa naman ruwa, na girgiza shi a tafin hannu, na zubar, na sake kwararawa.

Ihun da matar nan ta yi sai da hankaki suka tashi daga kan kwale-kwale.

"Me kake yi?"

"Wankewa nake, Ticha."

"Wa ya ce ka wanke?"

Na tsaya da gora a hannu. Wa ya ce in wanke? Ai ba a cewa. Tun ina ɗan ƙarami aikina a rumfa ke nan, wankin kayan ciki a bakin rijiya. Duk naman da ke da jini da yauƙi sai ya sha ruwa mai daɗi sau uku kafin ya shiga kwano, in ba haka ba ka sha rankwashi wurin Baba. Duk tambayoyin da ta yi mini a watannin nan, me ka yi, daga nan sai me, ban taɓa ambaton wanki ba, don ban ɗauke shi a cikin aikin ba. Hannuna ne kawai ke yin abinsa.

"Da jini fa, Ticha," na ce. "Ga yauƙi. Haka zan sa shi a kwalba da ƙazantarsa?"

Ta dafe kai, kafaɗunta suka fara rawa. Na zaci kuka take, ashe dariya ce, ta farko da na taɓa ji daga bakinta. Da ta lafa ta kira ni kusa, ta karɓi naman ta ɗora a yatsa. Ta ce naman nan tun da aka halicce shi bai san ruwa ba sai na gishiri, kuma bangonsa ya fi komai sirantaka a jikin kifi. In ka zuba masa ruwa mai daɗi, sai ruwan ya ruga cikin ƙwayoyin, su kumbura su fashe, fata ta ɗaye. Yauƙin da nake ƙyama kuma rigarsa ce.

Nan take na tuna waken da Inna ke jiƙawa in za ta yi ƙosai, yadda yake kumbura ɓawon ya saɓule. Na ce, "Wato duk watannin nan jiƙa shi nake yi."

"Jiƙa shi kake yi, da tsafta da ladabi. Jiya kuma na zarge ka da abin da ba ka yi ba. Ka yafe mini."

Farfesa guda, a gaban masunta, tana ba ɗan mahauci haƙuri. Ban san inda zan sa kaina ba. Har gobe in ana zancen malamai na ƙwarai, ita nake fara tunawa.

Sai dai kifin ranar shi kaɗai ne a bokitin, kuma na riga na wanke shi tas. Jan kifin ya fara wuya, ga sama ta fara haɗa baƙi daga yamma. Washegari Baba Moidu ya fita bai samo ba. Jibi ma haka. Rana ta gaba da na fito, na tarar yawancin masunta sun ja kwale-kwalensu can sama sun lulluɓe da ganyen kwakwa. Igiyar ruwa tana dukan gaɓa kamar da gayya.

Baba Moidu da ƙanensa ne kawai ke tura nasu. Matarsa ta biyo shi har bakin ruwa tana faɗa, ba na jin yaren amma na san abin da take cewa, don Inna ma haka take yi in Baba zai tafi cin kasuwa da zazzaɓi. Na riƙe gefen kwale-kwalen ina girgiza kai, ina cewa a'a da duk yaren da na sani. Ya cire hannuna a hankali, ya nuna mini yashi, wato in zauna.

Ban zauna ba. Ni da matarsa muka tsaya, ba mai kallon wani. Kwale-kwalen ya hau igiyar ruwa, ya ɓace, ya sake bayyana, sannan muka daina ganinsa. Na yi addu'ar da na sani duka. Na ce ya Allah na haƙura da digirin, Ka dawo mini da tsohon nan. Tsoro ne ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, da kunyar matar da ta tuƙa mini tuwo.

Hantsi ya yi sosai kafin mu hango su. Ruwa ya wurgo su gaɓa, mutane suka ruga suka ja. Ragarsa ta yage gida biyu, goshinsa na jini inda katako ya buge shi. Bai ko shafa ba, ya miƙo mini bokiti. Jan kifi biyu, suna motsi.

Na durƙusa a yashi na yanka. Jini ya ɓata mini yatsu, yauƙi yana ja. Wallahi sai da hannuna na hagu ya tafi neman gora da kansa, na daka masa tsawa a zuci. Na runtse ido na jefa naman a kwalba yadda yake. A ranar da yamma ruwa ya sauko, irin wanda ban taɓa gani ba, kuma teku ta rufe.

Makon nan ban san me na ci ba. Na tsane, na dafe a kaki, na yanka, na rina. Da gilashin ya bushe na kasa leƙawa, na kai wa Ticha. Ta sa ido, ta murɗa, ta matsar, ta sake murɗawa. Ta daɗe har na fara jin jiri. Sannan ta matsa gefe ta nuna mini madubin.

Ga su nan. Ganyayyaki a jere, fata lafe a jikinsu, ginshiƙai a tsaye, ƙwayoyin jini a layi kamar yanzu za su motsa. A gindi kuma ga manyan ƙwayoyin gishiri, cike, lafiya lau, har da 'yan ƙananan masu fitar da yauƙin da na yi ta wankewa. Hawaye ya hana ni gani sosai.

"Kada ka wanke mini wannan ma da hawaye," in ji Ticha. "Je ka kira mai kifin. Shi ya kamata ya gani kafin kowa."

Na ruga cikin ruwan sama na taho da shi. A ƙofar ɗakin gwaji ya cire takalmansa ya jera su, ya shigo a ɗarare da filasta a goshi. Ticha ta ba shi kujerarta, ta yi masa bayani da yarensu. Ya sunkuya, ya kafa ido ɗaya a madubin, sai dai wanda ya kafa ɗin shi ya rufe, ya bar ɗayan a buɗe yana kallon tebur. Ɗalibai suka fara ƙunshe dariya. Na matsa zan gyara masa, ya ɗago ya ture hannuna, ya juya wajen Ticha ya yi mata wata gajeriyar tambaya.

"Me ya ce?" na tambaya.

"Cewa ya yi shi bai ga komai ba, kuma ba wannan ya kawo shi ba. Yaron zai zauna ne, ko za a mayar da shi?"

Ta amsa masa da kalma ɗaya. Ya saki ajiyar zuciya, ya shafa fuska da hannu biyu ya ce, "Alhamdulillahi." Wannan ban nemi fassara ba. Ya miƙe ya nufi takalmansa, daga bakin ƙofa ya waiwayo ya ƙara wata magana yana nuna ni da yatsa.

Ticha ta ce, "Wai tun da kana nan, gobe ka fito da wuri. Ragar da ta yage saboda kai, kai za ka taya shi ɗinkewa."